Motar da Take Tsallake Bugu

Madinat Khalifa, Doha
Oktoba, 2014

Zuwa ga Yayata Ajaratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk jama'ar gidanmu na Funtuwa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sassauta mata ciwon gwiwar nan, ya bar mana ita. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Daddawa da kuka da yajin da kika aiko sun iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Yajin ne dai bai kwana biyu ba, don Muhsina har a kan burodi take barbaɗa shi, na yi faɗa har na gaji. Ita da yayarta suna lafiya, sun koma makaranta, Larabci ya kama bakinsu har in na kira su sai dai in ji yalla da khalas. Zafin garin ya fara sauka, yanzu mutum kan iya tsayawa a waje da la'asar ba tare da ya ji kamar an kifa masa tukunya a ka ba.

Yaya, da muka yi waya kafin Sallah na ce miki zazzaɓi ne ya kwantar da ƙaninki, maigidana, a asibiti. Na faɗi haka ne don na ji muryar Inna kusa da ke, kuma na san kunnenta ya fi namu duka. Ba zazzaɓi ba ne, zuciyarsa ce. Kada hankalinki ya tashi, yana nan da ransa, yana gida, yana cin tuwo yana mitar an hana shi gishiri. Amma saura kaɗan da wata irin takarda daban zan rubuta miki. A waya kuka yake cin ƙarfina, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma ina roƙonki ki samu wuri ke kaɗai ki karanta har ƙarshe, don ciwon nan ban yarda ya rabu da mu ba.

Wajen ƙarshen sanyi ne kafil ɗinsu, wato ubangidansu na garejin unguwar Sanaiya, ya kira shi ya ce akwai wani dattijo Balarabe mai gona a Umm Salal, wanda ba shi da abin sha'awa sai tara tsofaffin motoci. Ya sayo wata daga Ingila, yana so a tayar da ita, don ya mayar da ita can ta shiga wani jerin gwano na tsofaffin motoci da suke yi kowace shekara. Da yake ƙaninki ne mai haƙurin tsohon inji a garejin, shi aka tura. Ranar ya shigo gida yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya nuna mini hotonta a waya, na ce haba, wannan ai keken doki ne aka manta ba a ɗaura masa dokin ba. Ba rufi, ba ƙofa, ba gilashi, kujera ɗaya ce ta fata mai ɗaukar mutum biyu. Ƙafafunta na katako ne, fitilunta na tagulla masu lagwani, sai wani ƙahon roba a gefe irin na masu tallan burodi a keke. Ya ce an ƙera ta wajen shekarun da Turawa suka shiga Kano, kuma mai keke in ya dage zai iya wuce ta. Ba ta da makulli, wani ƙarfe ake soka mata a murza da hannu har ta kama. Abin da ya sa shi murnar kuwa shi ne silinda ɗaya gare ta tak, kuma da ya samu ta yi tarin farko, wai sai ya ji shi a tsaye a rumfar injin niƙan Baba, har da ƙanshin dusa a hancinsa.

A nan ne ya ba ni labarin da ke kin fi ni sani. Ya ce marigayi Baba bai taɓa amfani da wani ma'auni ba. In ya tayar da inji da safe, kafin a zuba hatsin kowa, sai ya yi ta rage masa wuta a hankali, hannun dama a jikin injin, na hagu a ƙirjinsa, har bugun injin da bugun zuciyarsa su hau layi ɗaya. Daga nan sai ya tsaya ya saurara. In sun tafi tare, injin lafiyarsa lau. In ɗaya ya kauce wa ɗaya, to akwai abin dubawa. Wai Baba kan ce inji mai silinda ɗaya zuciya ɗaya gare shi kamar mutum, ba shi da ta biyu da za ta rufa masa asiri in ta yi tuntuɓe. Ƙaninki ya ce tun da ya bar gida yake aikin motoci masu silinda huɗu da shida da takwas, waɗanda kwamfuta ke faɗa maka ciwonsu, bai sake samun injin da zai saita da ƙirjinsa ba sai wannan. Ni kaina na taya shi murna, don na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Da farko komai lafiya. Ya wanke ta, ya sa aka ƙera mata abin da ya ruɓe, ya tayar da ita, dattijon ya hau suka zagaya gona, ma'aikata suna tafi. Ni na ɗauka an gama. Sai ya fara dawowa gida fuska a ɗaure, yana cewa motar tana tsallake bugu. Wai takan yi ta tafiya daidai, can sai ta yi shiru na ƙiftawar ido, sannan ta ci gaba. Ya canza filogi, ya kwance kafireto ya wanke, ya bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, ya sake saita silo, wato bugun injin in an rage masa wuta, duk a banza. Abin ya zame masa aikin safe da yamma, har ranar hutunsa can yake yini. Ya rame, wuyansa ya fito, in ya hau benen gidanmu sai ya tsaya a tsakiya yana haki, in na yi magana ya ce zafin gari ne. Kin san ƙaninki da taurin kai, ba sai na faɗa miki ba, ke kika goya shi.

Abin da ya fara ba ni tsoro cikin azumi ya faru. Muna zaune muna buɗe baki, ya ɗauki kofin kunu zai kai baki, sai ya tsaya cak, ya karkata kai gefe kamar mai sauraron sallama daga waje. Can ya ce ta sake yi. Na ce wa ta sake yin me. Ya ce motar. Yaya, tsakanin gidanmu da Umm Salal tafiya ce ta mota mai ɗan nisa, kuma da bakinsa ya ce ya kashe ta ya lulluɓe kafin ya taho. Na ce masa ya yi ta'awwuzi, yunwa ce. Ya yi murmushi ya sha kununsa. Amma daga ranar abin ya zama kullum. Yana cikin magana da yara, ko yana ɗaure takalmi, sai ya daskare, idonsa a wuri ɗaya, leɓensa yana motsi. Yaran har suka mayar da shi wasa suna kwaikwayonsa, na daka musu tsawar da ban taɓa yi musu ba, don ni abin ba dariya yake ba ni ba.

Ni dai kin san ba ni da haƙurin abin da ban gane ba. Bayan ƙaramar Sallah, wata Asabar da rana, na ce ƙafata ƙafarsa, sai na ga abin da ke cinye mini miji. Gonar tana can bayan gari, dabino jere, rana ta ƙwalle har ƙasa tana walƙiya, ba motsin kowa. Mai gadin wani bawan Allah ne ɗan Daura, sunansa Lado, ya yi murna da jin Hausa a bakin mace har ya rasa inda zai sa ni. Da ƙaninki ya yi gaba, sai Lado ya rage murya ya ce mini shi fa yana jin motar nan kullum daga bakin ƙofa, bai taɓa jin ta tsallake komai ba, tafiya take kamar agogo. Ya ƙara da cewa shi ba ya shiga rumfar shi kaɗai, don duk safiya in ya leƙa, mayafin kowace mota yana nan yadda aka bar shi, nata ne kaɗai yake samu a ƙasa. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya daina irin wannan zance, iska ce. Ya ce to Hajiya, amma bai bi mu ciki ba.

Rumfar doguwa ce, motoci jere hagu da dama, kowace an lulluɓe ta da farin ƙyalle har ƙasa. Wallahi da na shiga sai da tsigar jikina ta tashi, don abin da ya zo mini a rai ba mai daɗin faɗa ba ne. Ita tana can ƙurya, 'yar ƙarama, koriya, fitilunta biyu suna kallon ƙofa. Fatar kujerar ta lotsa a gefen direba, lotsawar wani da ya daɗe da zama ƙasa. Ƙaninki ya yi bismillah, ya duƙa ya murza ƙarfen, ta yi tari, ta kama. Ban taɓa jin mota mai irin wannan sauti ba. Tuf, sai ta huta, tuf, sai ta huta, kowane bugu duk jikinta sai ya girgiza, kujerar tana ɗagawa tana sauka. Ya rage mata wuta, ya ɗora hannu ɗaya a jikinta ɗaya a ƙirjinsa, ya lumshe ido. Na kasa kunne iya ƙarfina. Can sai ya zabura ya tambaye ni ko na ji. Ban ji komai ba, motar tafiyarta take daidai.

Raina ya ɓaci, na kama wuyan hannunsa da nufin in ja shi mu fita. Sai na ji jijiyarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsuna, kuma bugun nan da na motar ɗaya ne, ba gaba ba baya. Na tsaya ban sake shi ba. Muna haka sai jijiyar ta ɗauke. Motar ta yi tuf ɗinta, amma a hannunsa ba komai, wayam, sannan ta dawo da wani bugu mai ƙarfi. Shi kuwa sai ya ce ga shi nan ta sake. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, watanni bawan Allah nan yana kwance ƙarfe yana ɗaurawa, ashe abin da ke tsallaken a cikin ƙirjinsa yake. Da yake da zuciyarsa yake auna injin, bai taɓa kawo wa ransa cewa ma'aunin ne ya lalace ba. Na buɗe baki zan faɗa masa ke nan, jijiyar ta sake ɗaukewa, kuma a wannan karon motar ma ta yi shiru tare da ita. Da kunnena na ji. Suka ɗauke tare, suka dawo tare. Na waiga na hangi Lado a bakin ƙofa ya dafe kai, na san shi ma ya ji.

Washegari na kira ƙawata Na'ima, mijinta Dakta Muttaka likitan zuciya ne, mutumin Zariya. Suka zo kamar ziyara, ya lallaɓe shi har ya yarda aka je aka yi gwaji. Dakta ya ce wutar da ke kunna zuciyar ce take yankewa, kuma wata rana za ta iya yankewa ta ƙi dawowa. Ya ce maganin wata 'yar na'ura ce mai batir da ake sakawa ƙarƙashin fata, kuma a yi da wuri. Ya kuma ce ciwon yana bin jini, ya tambayi yadda mahaifinsu ya rasu. Ƙaninki ya ce shi yana Kaduna wajen koyon aiki a lokacin, abin da aka faɗa masa shi ne ke kika kai wa Baba abincin rana, kika tarar injin a kashe, mata suna jira a waje da kwanukan hatsi, shi kuma yana zaune jingine da bango hannunsa a ƙirji. Ki yafe mini tono miki wannan, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Dakta ya juyo ya kalle ni.

Kin zaci ya yarda a yi aikin? Ina! Cewa ya yi a bari sai motar ta tafi. Da na matsa masa a gida sai ya faɗa mini abin da ke ransa. Wai shi lafiyarsa lau kafin ya ɗora hannu a kanta, saboda haka daga jikinta ciwon ya shigo nasa, in ya gano inda yake a cikinta ya gyara, shi ma ya warke. Mutumin da ya yi karatu, mai sallah a kan lokaci, shi ne yake faɗa mini wannan magana. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce in yana so ya mayar da 'ya'yansa marayu a ƙasar mutane saboda amalanken Bature, to ya faɗa mini tun wuri in san inda na dosa. Na yi masa yaji a cikin gida, na daina yi masa magana. Duk bai hana shi ɗaukar jakar kayan aikinsa da safe ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban iya ce masa ƙarya yake yi da dukkan zuciyata ba, saboda abin da na ji da kunnena a rumfar nan.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, da azahar, ina yanka albasa, Lado ya kira ni. Da kyar na gane abin da yake faɗa. Daga baya ne ya ba ni labarin a tsanake. Ya ce yana zaune a bakin ƙofa yana jin bugun motar kamar kullum, sai ya ji ta yi shiru. Ba irin shirun da takan yi in an kashe ta ba, don in an kashe ta takan ja numfashi tukuna. Wannan ɗif ta yi a tsakiyar bugu. Ya ce bai san lokacin da ya ruga cikin rumfar da yake tsoro ba, ya tarar da ƙaninki kwance a gefenta. Allah ya sa an koya wa masu gadi yadda ake danna ƙirjin wanda ya faɗi, ya yi ta dannawa yana salati yana ihu har direban gonar ya kira motar asibiti. Suka zo suka manna masa abin nan mai jan wuta. Lado ya rantse mini da Allah cewa a daidai lokacin da jikin ƙaninki ya zabura ya ja numfashi, motar da ba wanda ya taɓa ta ta yi tuf sau ɗaya. Ya ce har ma'aikatan asibitin sai da suka waiga.

An saka masa na'urar, aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Da na ba shi labarin Lado, sai ya ce wai tsofaffin motoci irin wannan sukan yi haka, in inji da zafi kuma sauran mai ya rage a cikin silinda, wuta kaɗan ta ishe shi ya buga sau ɗaya. Na ce to, Allah ya sa haka ne. Dattijon ya zo duba shi da kansa, mutumin kirki, ya ce wanda ya karɓi aikin ya duba motar ciki da waje bai ga abin gyara ba, kuma tankinta cike yake ranar, ba ƙarewar mai ce ta kashe ta ba. An zuƙe mata mai, an sa ta a kwantena, ta bar ƙasar, ni kuwa ko hotonta na sa an goge daga wayarsa. Yanzu yakan zauna ya ɗora hannu a ƙirji ya daɗe, ya ce bugun daidai yake amma kamar na aro.

To ga dalilin takardar nan. Shekaranjiya da hantsi muna zaune, sai ya ce shi fa ya tuna zuwansa gida na ƙarshe kafin rasuwar Baba. Ya ce ya tarar da shi ya baje kayan injin a tabarma, yana mitar wai injin yana tsallake bugu, ya rasa inda abin yake. Yana faɗin haka sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce Rufa'i, autanku, da ke riƙe da injin yanzu, ya kira shi cikin azumi yana neman shawara, wai injin Baba ya fara tsallake. Shi kuma ya ce masa ya duba nozul mai fesa mai. Yaya, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin hawayen ƙaninki ba sai ranar.

Nan take na kira Rufa'i. Dariya ya yi mini, ya ce shi ƙalau yake, ko ciwon kai ba ya yi, injin ne ya tsufa, kuma wai zaman Doha ya sa mun zama matsorata. Yana rumfar niƙan lokacin, ina jin injin a bayansa ta cikin wayar, yana tafiya tiryan-tiryan. Muna cikin magana sai ya katse ni, ya ce in saurara da kyau, ga shi nan ya sake yi. Yaya, na saurara. Ban ji komai ba.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, amma kada ki faɗa mata komai tukuna. Ki gai da Malam, da Kawu Mu'azu da iyalinsa, da Haulatu da jaririnta, da Adijatu matar Rufa'i, ita kam ki ja ta gefe ku yi magana. Ƙaninki da yara suna gaishe ku baki ɗaya. Rufa'i kuwa ba ya jin maganar kowa sai taki. Don girman Allah, ranar da takardar nan ta shiga hannunki kada ki jira gobe. Ki je rumfar da kanki, ki sa ya kashe injin, ki sa shi a mota zuwa Zariya, Dakta Muttaka ya riga ya yi wa wani abokin aikinsa magana a can. In ya yi miki gardama, ki kama wuyan hannunsa ki riƙe, kada ki saki sai kin ji abin da na ji.

Allah ya tsare mana ku, ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Wasilatu